Intabiyu Ko Tozarci? Yadda Dillalan Shawara Ke Wasa Da Mutuncin Samari

Akwai wani nau'in zalunci da ake yi wa samarin ƙasar nan wanda ba a harba bindiga a cikinsa, ba a fasa kan kowa da kulki, shi ya sa ba ka jin labarinsa a rediyo, ba ka kuma ganin an yi masa zanga-zanga. A cikin ɗakuna masu sanyi ake yin sa, a dogayen benayen Ikoyi da Maitama, kuma masu yin sa da murmushi suke yi, har su raka ka bakin ƙofa suna cewa sun gode da zuwanka. Wannan zalunci shi ake kira intabiyu, wato ganawar tantance mai neman aiki. In kuwa ana maganar waɗanda suka ƙware a kansa har suka mayar da shi sana'a, to babu kamar kamfanonin nan da ake ce wa kwansoltan, masu sayar wa gwamnatoci da manyan kamfanoni shawara.

Ya kamata ɗan'uwa ya fara sanin su wane ne waɗannan mutane, domin da yawanmu sunansu kawai muke gani a tallar aiki. Ba su noma, ba su ƙira, ba su saƙa. Hajarsu ita ce shawara. Gwamnati ko banki ko kamfanin mai zai kira su ya ce a duba masa littattafan kuɗinsa, ko a gaya masa yadda zai rage kashe kuɗi, su kuma su turo yara masu kwat da laktaye su yi 'yan watanni suna tambayar ma'aikatan wurin, daga ƙarshe su tattara abin da ma'aikatan suka gaya musu a takarda mai launi su miƙa, a biya su miliyoyi. Sau da yawa kuma maganin da suke rubutawa ɗaya ne: a rage ma'aikata, a sayar da kadara, a ƙara farashi. Manyansu a duniya su ne irin su McKinsey, wanda aka kafa a Shikago ta Amurka a 1926, da BCG da Bain, sai kuma huɗun nan da suka fara da binciken kuɗi suka faɗaɗa zuwa shawara, wato Deloitte da PwC da EY da KPMG. Ba baƙi ba ne a nan. Lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga baitulmali ba, ai PwC gwamnatin Jonathan ta ɗauko a 2014 ya binciki NNPC. A ƙarƙashin waɗannan giwaye kuma akwai ɗaruruwan ƙanana masu ofis ɗaki biyu, waɗanda aikinsu shi ne su ɗebar wa wasu ma'aikata, su karɓi kamasho.

Me ya sa samari ke rububin su? Saboda albashinsu ya fi na gwamnati, kuma wanda ya yi shekara uku a ɗaya daga cikin manyan, ƙofofin bankuna da ƙungiyoyin duniya a buɗe suke gare shi. Su ma sun san haka. Sanin da suka yi cewa in ka tafi akwai dubu a bayanka, shi ne uwar duk wulaƙancin da za mu zayyana.

Tun daga talla ake fara yanka. An daɗe ana ganin sharaɗin nan a tallar ɗaukar sababbin masu digiri: kada ka wuce shekara 26, wasu su ce 27 ko 28, digirinka ya kasance mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, kuma ka gama bautar ƙasa. To zauna mu yi lissafi, ɗan'uwa. Ɗan talaka da ya gama sakandaren gwamnati ya rubuta JAMB sau biyu kafin ya sami gurbi, ya shiga jami'a yana ɗan shekara 20. Karatun injiniya shekara biyar ne. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wata tara, a 2022 ta ƙara na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata 17 ke nan sun tafi a kan rikicin da ba shi ya haddasa ba. Ƙara jiran sakamako da jiran kiran bautar ƙasa, ƙara shekara guda ta bautar kanta. Ranar da aka miƙa masa takardar sallama ya kai 28. Shi kuwa ɗan wanda ya ƙi biyan malaman haƙƙinsu, an tura shi Ingila inda digiri shekara uku ne, ko jami'ar kuɗi inda ba a san yajin aiki ba, ya dawo yana ɗan 21 ko 22. Ashe sharaɗin shekaru ba basira yake aunawa ba, aljihun uba yake aunawa. Ba a rubuta cewa ɗan talaka kada ya nema ba, an dai rubuta lambar da aka tabbata ba zai iya cika ta ba.

Wanda ya tsallake wannan sai ya jira kira. Kiran kan zo ta imel, wani lokaci saura kwana biyu ko uku: ka bayyana a Legas ranar kaza da ƙarfe takwas na safe. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne. Daga Sakkwato ko Maiduguri kada ma a yi magana. Mutumin da ba shi da aikin yi, shi ne zai nemo kuɗin mota zuwa da dawowa, bayan tashin gwauron zabin da kuɗin mota ya yi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Shi zai nemo aron kwat, shi zai nemo inda zai kwana. Uwa ta sayar da akuya, yaya ya ciwo bashi, a bi hanyar da kowa ya san abin da ke kanta da dare. Wa zai biya wannan? Babu. Ko a wasiƙar ba a ambata ba. Alhali a Jamus, ƙasar da masu wannan sana'a ke ganin ta ci gaba, ƙa'idar shari'a ita ce wanda ya gayyaci mutum intabiyu shi zai biya masa kuɗin hanya, sai fa in ya faɗa tun a wasiƙar gayyata cewa ba zai biya ba. Can an san cewa mai gayyata shi ma buƙata gare shi. Nan kuwa an ɗauka alfarma ake yi maka da aka bar ka ka taka benen.

Ka isa ƙarfe bakwai da rabi, kamar yadda aka gargaɗe ka cewa minti ɗaya in ka makara ka rasa. Ƙarfe goma babu wanda ya kula ka. Sha biyu ta yi, an ce oga yana mitin. Azahar ta shigo, kana tsoron ka tashi ka nemi wurin alwala a kira sunanka ba ka nan. Mintinka ɗaya laifi ne, awanninsu biyar ba komai ba ne. Akwai ma masu cewa wai da gangan ake yi don a gwada haƙurin mutum. In haƙuri ake gwadawa, me ya hana a gwada na oga shi ma? Gaskiyar magana ita ce darasi ake koya maka tun kafin ka shiga: ka san matsayinka.

Sai tambayoyi. Tun 1953 McKinsey ya fara kwasar ɗalibai kai tsaye daga makarantar kasuwanci ta Harvard, inda ake koyarwa ta hanyar ba ɗalibi matsalar wani kamfani a ce ya warware. Daga nan salon ya shiga intabiyu, sauran kamfanoni suka kwaikwaya, 'yan amshin shatanmu na gida su ma suka kwafa ido rufe. Za a ce maka ga kamfanin jiragen sama ribarsa na raguwa, cikin minti 30 ka gaya mana dalili. Ko a ce ka ƙiyasta yawan motocin da ke tsallaka gadar Legas a yini. Mu yi adalci: sa mutum ya yi tunani a gabanka ba laifi ba ne, ya ma fi a tambaye shi wa ya turo shi. Matsalar ita ce wannan wasa ne mai dokoki, kuma dokokin ba kowa aka koya wa ba. A manyan jami'o'in Amurka da Ingila ɗalibai na da ƙungiyoyi na musamman da suke wata da watanni suna atisayen irin waɗannan tambayoyi, kamfanonin da kansu suna zuwa har makarantar su horar da su. Ɗan'uwanmu da ya fito daga Samaru ko Gadau ko Dutsin-Ma, wanda ya yi karatu da fitilar waya, ranar intabiyu ce ranar da ya fara jin cewa akwai irin wannan abu. An haɗa wanda ya yi shekara yana koyon dara da wanda yau ya fara ganin gurbinta, sannan an ce wai an gano wanda ya fi kaifin ƙwaƙwalwa.

Su kuwa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su ƙwallo nawa za ta cika mota, su masu abin ma sun fara zubar da su. A 2013 shugaban sashen ma'aikata na Google na lokacin, Laszlo Bock, ya fito fili ya bayyana cewa binciken da suka yi ya nuna musu irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba su nuna wanda zai iya aiki, amfaninsu kawai mai tambaya ya ji shi gwani ne. Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau ba a rasa wani manaja a nan da zai miƙe ƙafa ya jefa wa yaro irin ta, yana kallon yadda gumi ke keto masa. Bature ya yar da tsummansa, namu ya tsinta ya mai da shi rigar sallah.

To amma duk wannan somin taɓi ne. Babbar ƙofar da ake shigo da son zuciya ita ce abin da suke kira dacewa, wai ko mutum ya dace da al'adar kamfani. Wata malamar jami'ar Northwestern a Amurka, Lauren Rivera, ta yi shekaru tana bincike a kan yadda manyan kamfanonin shawara da bankuna da ofisoshin lauyoyi ke ɗaukar ma'aikata, ta yi hira da masu tantancewa 120, ta fitar da littafi a 2015 mai suna Pedigree. Abin da ta gano shi ne masu tantancewar kan zaɓi wanda ya yi kama da su: makaranta irin tasu, wasanni irin nasu, hira irin tasu. Har suna da wani ma'auni da suke faɗa ba kunya, cewa mai tantancewa ya tambayi kansa, in jirgi ya makara na maƙale a filin jirgi da wannan mutumin, zan ji daɗin zama da shi? Ka ji fa! Aiki ake nema ko abokin hira? Da wannan ma'auni, mutumin da ba ya shiga mashaya, ba ya zuwa rawar dare, hutunsa a gona yake yi ba a Dubai ba, ya faɗi tun kafin ya buɗe baki.

Kada wani ya ce zato ne. An gwada. A Faransa, a wani bincike da aka wallafa a 2010, wasu masu bincike uku sun aika wa kamfanoni takardun neman aiki iri ɗaya sak, da sunan mahaifi ɗaya na mutanen Senegal, bambancin kawai ɗaya sunanta da ayyukanta na nuna Kirista ce, ɗaya na nuna Musulma ce. Kiristar ta fi samun kira da ninki biyu da rabi. A 2017 BBC ta yi irin wannan a Landan, ta nemi aiki 100 da sunan Adam, ta nemi guda 100 ɗin da sunan Mohamed, da ilimi da ƙwarewa iri ɗaya. An kira Adam sau 12, an kira Mohamed sau 4. Wannan a takarda ke nan, ba a ma ga fuska ba. Ina ga an ga fuska? Ɗan'uwa ya shiga da gemunsa da ɗan tabon sujada a goshi, harshensa na juya harafin p zuwa f, takardarsa ta nuna daga jihar da kullum ake jin ta a labarai ya fito. Ba wanda zai ce masa komai a kan addini, sun fi haka wayo. Sai dai a tambaye shi cikin ladabi ko zai iya aiki ranar Juma'a da rana in abokin ciniki ya buƙata, ko yana da matsala da tarurrukan dare, ko iyalinsa za su bar shi ya zauna a Legas. Bayan ya fita a rubuta kalma biyu a takardarsa: bai dace ba. Babu kotun da za ta kama wani da wannan kalma, shi ya sa aka ƙirƙiro ta.

Yanzu kuma an shigo da na'ura. Akwai matakin da ba mutum za ka gani ba, kamarar kwamfuta za ka fuskanta, tambaya ta fito a rubuce, a ba ka minti biyu ka yi magana kai kaɗai kamar mai sambatu. In wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, kai ka jiyo. Suna cewa na'ura ba ta son kai. Ƙarya ne, abin da aka ɗura mata shi take amayarwa. A 2018 aka fallasa cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tace takardun masu neman aiki da ya ƙera, bayan ya gano tana danne takardun mata, saboda da takardun mazan da aka saba ɗauka aka horar da ita. HireVue, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da intabiyun kamara, sai a 2021 ya sanar da cewa ya daina auna motsin fuskar mutane, bayan suka ta yi masa yawa. Na'urar da aka horar da muryoyi da fuskokin wasu mutane, wane hukunci kake jin za ta yi wa Bafulatanin Gombe?

Akwai kuma wata sata da aka yi wa ado. A ba ka aikin gida, wai gwaji: ka je ka rubuto yadda za a shigar da kaya kaza kasuwar Arewa, ka kawo cikin mako guda, da alƙaluma da taswira. Ka kwana biyar ba barci, ka ƙona data, ka zagaya Singa da Dawanau kana tambayar farashi, ka miƙa. Mutum 20 in aka ba irin wannan, an sami rahoto 20 kyauta a kan abin da kamfanin ke sayarwa da tsada. Ko sun yi amfani da shi ko ba su yi ba, aiki ne aka sa mutum ba lada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan duk wannan, mataki huɗu, wani lokaci biyar, a cikin wata uku ko huɗu, sai me? Sai shiru. Ba e, ba a'a. Ka aika wasiƙa ba amsa, ka buga waya a ce za a neme ka. Wannan shirun ya fi ƙin ɗauka ciwo, domin wanda aka ce wa a'a ya san inda dare ya yi masa, ya kama wata hanya. Shi kuwa wanda aka bari a rataye, ya ƙi karɓar koyarwar da aka yi masa tayi a makarantar unguwa, ya ce wa iyayen yarinya su ƙara masa wata biyu, duk ƙarar da waya ta yi gabansa ya faɗi. Uwar da ta sayar da akuya tana tambaya kullum, shi kuma ba shi da abin faɗa. Kamfanin da ke koya wa bankuna yadda ake kula da abokin ciniki, shi ne ya kasa aika layi biyu. A lardin Ontariyo na Kanada sai da aka yi doka a kan wannan: daga Janairun 2026, kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye da ya tallata aiki, dole ya sanar da wanda ya yi wa intabiyu cikin kwana 45 ko an yanke shawara. Kunya ba ta sa su ba, sai da doka ta sa su.

In kana son ganin inda wannan raini yake kaiwa idan ya haɗu da kwaɗayi, tuna ranar Asabar 15 ga Maris, 2014. Ma'aikatar cikin gida, ƙarƙashin minista Abba Moro, ta miƙa wa wani kamfani mai zaman kansa, Drexel, aikin karɓar takardun masu neman shiga hukumar shige da fice. Kowane mai nema ya biya naira 1,000. Mutum 676,675 suka biya, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Naira miliyan 676 da ɗoriya daga aljihun marasa aikin yi! Sannan aka tara su rana ɗaya a filayen wasa a faɗin ƙasa, aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Binin, aƙalla mutum 15 suka mutu, har da mata masu ciki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hukumar EFCC ta gurfanar da ministan a 2016, daga baya kotu ta wanke shi. Ya zama sanata a 2019, kuma a Yulin 2023 shi ne ya kawo ƙudiri a majalisar dattawa cewa a daina sa wa masu neman aiki sharaɗin shekaru. Maganar gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. Amma ƙudirin majalisa roƙo ne, ba doka ba ce, duba tallar aiki ta gaba da za ta zo hannunka ka gani ko an ji roƙon.

Yanzu bari mu juya kujera, mu ma mu yi wa masu intabiyu intabiyu, tunda amana da gaskiya suke tambayar samari a kai. A Yunin 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci EY tarar dala miliyan 100. Laifin me? Ma'aikatansa sun yi satar amsa a jarrabawa, kuma ba kowace jarrabawa ba, ta ɗa'a da riƙon amana, sannan kamfanin bai gaya wa hukuma gaskiya ba da aka tambaye shi. A 2019 hukumar ta ci KPMG tarar dala miliyan 50, cikin laifuffukan har da satar amsa a jarrabawar horo. McKinsey kuwa a 2021 ya yarda ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarar da ya ba kamfanin Purdue kan yadda zai ƙara cinikin ƙwayar OxyContin, a lokacin da irin waɗannan ƙwayoyi ke kashe mutane dubbai. Mu da muka ga abin da kodin da taramol suka yi wa samarinmu ba sai an yi mana bayani ba. A Afirka ta Kudu ya mayar wa kamfanin lantarki na Eskom kusan rand biliyan ɗaya a 2018, a Disambar 2024 kuma reshensa na can ya yarda ya biya fiye da dala miliyan 122 a kan cin hanci da aka ba jami'ai don samun kwangila. Waɗannan abubuwa a ƙasashen waje suka faru, ba mu ce ofisoshinsu na nan ne suka yi ba. Amma suna ɗaya ne a jikin bene, kuma da wannan sunan ake yi wa yaro kallon hadarin kaji don ya yi in'ina a amsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Za su ce masu nema sun yi yawa, ba za a iya bin kowa da amsa ba. Yawan kam gaskiya ne. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, KPMG da kansa ya yi hasashen zai kai 40.6 a 2023. Sai ga shi a 2023 ɗin an canza ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, adadin ya faɗo 4.1 ba tare da an buɗe masaƙa ko ɗaya a Kakuri ko Sharaɗa ba. To amma yawan mabuƙata hujja ce ta tausayi ko ta wulaƙanci? Kuma ai ba dubban da suka aika takarda muke magana ba, 'yan ƙalilan ɗin da kuka kira da kanku, kuka zaunar, kuka ci lokacinsu. Za su kuma ce ai ba dole aka yi wa kowa ba. Haka mai ɓoye hatsi yake cewa a shekarar yunwa.

Mu muna da namu ma'aunin, ba sai mun aro ba. Lokacin da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, abu biyu aka duba, ƙarfin yin aikin da amana. Sannan mai ɗaukar ya faɗi wa'adi da lada a fili tun farko, ya kuma nuna ba ya son ya tsananta masa. Malaman fiƙihu sun shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada. Ina wannan, ina a ja mutum wata huɗu ba a gaya masa ko nawa ne albashin ba, in ya tambaya a ce ya cika son kuɗi? Wannan magana ba ta tsaya kan masu kwat ba. Alhajin da ke da yara a shago shekara takwas ba yarjejeniya ba sallama, da ɗan'uwan da Allah ya ɗora a kujera ya ce sai mai katin sanata zai duba, layinsu ɗaya da waɗancan, rawani bai raba su ba.

Ba muna cewa ɗan'uwa ya ƙaurace wa waɗannan wurare ba ne. Ƙauracewa ita suke so, don gobe su ce ai mutanenku ba su nema. Ka nema, amma ka shiga da shirinka da mutuncinka. Salon tambayoyin nan ba wahayi ba ne, kamfanonin da kansu sun zuba misalansu kyauta a shafukansu na intanet, ku haɗu ku uku ko huɗu bayan sallar Isha ku riƙa yi wa juna, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa da agogo a gaba. Wanda ya je ya dawo kada ya ɓoye abin da ya gani don kunyar faɗuwa, ya rubuta ya ba na baya. Kafin ka hau mota ka aika a rubuce ka tambaya: mataki nawa ne, yaushe za a ba da amsa, nawa ne albashi, za a iya yin zagayen farko ta waya? Kamfanin da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya nuna maka yadda zai riƙe ka. In lokacin salla ya yi ka sanar da mai karɓar baƙi ka je ka yi, in an tambaye ka Juma'a ka faɗi gaskiya tun yanzu, ya fi ka ɓoye ka zo kana laɓe-laɓe shekara biyar. 'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Mararraba kuma, ɗaki ɗaya da tabarma da za ku tanada wa masu zuwa intabiyu zai ɗauke wa iyaye da yawa bashi.

Duk wanda kuma ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya kafin a ba ka takardar kama aiki, kada ka ba shi ko kwabo. A Maris 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda asalin hukuncinta shi ne kamfanin ɗebar ma'aikata ba ya karɓar kuɗi daga mai neman aiki, daga mai ɗauka yake karɓa. Ka tambayi lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ka ajiye duk wasiƙa da rasit da lambar asusun da aka turo maka, ka kai wa ofishin ƙwadago na jiharku, ka kuma sanar da 'yan'uwa a masallaci sunan kamfanin kafin ya kai ga na gaba.